Yadda Ake Gane Adon Harshe da Feɗe Shi: Jagora ga Ɗaliban Sakandare

Ɗalibai da yawa sun haddace sunayen adon harshe tsaf, daga kamantawa har zuwa baubawan burmi, amma da an ajiye musu baiti ɗaya a gaba an ce su yi bayani, sai alƙalami ya tsaya. Dalilin shi ne an koya musu sunan abu ba a koya musu kwance shi ba. Sunan ado maki kaɗan yake kawowa. Mafi yawan makin yana wajen nuna me aka haɗa da me, ta wace fuska, kuma me haɗin ya yi wa mai sauraro. Wannan shi ake kira feɗewa, kuma ana koyon sa ne mataki-mataki kamar kowace sana'a.

Fannin tsoho ne. Aristotle, masanin Girka da ya rayu daga shekara ta 384 zuwa ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi nazarin yadda mai jawabi ke shawo kan jama'a. A Bagadaza, Ibn al-Mu'utazz ya tattara nau'o'in ƙawata zance a shekara ta 887, daga baya malaman balaga, wato ilimin iya sarrafa zance, suka kasa ilimin gida uku: ma'ani, bayani da badi'i. Sunayen Hausa da ake karantarwa yau sun yaɗu ne ta ayyukan malaman jami'a irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero. Littattafai sukan ɗan saɓa a suna: wani ya ce kamantawa, wani kamance, wani tamka. Ka riƙe sunan da littafin ajinku ya yi amfani da shi, kada ka riƙa sauyawa a cikin amsa ɗaya.

Mataki na farko: nemo inda magana ta bar hanya

Karanta rubutun sau 2. Karon farko a zuci, don ka san a kan me ake magana. Karo na biyu da murya, ko da raɗa ce, domin adon da ya shafi sauti ba ya bayyana ga ido.

Sannan ka bi jimla ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauke ta a zahirinta, ka tambayi kanka: haka zai yiwu? "Bashi ya hana shi barci" zai yiwu. "Bashi ya hau wuyansa ya zauna" ba zai yiwu ba, don bashi ba shi da ƙafa. Duk inda zahirin magana ya ƙi zama, akwai adon ma'ana a wurin. Inda kuwa zahirin ya zauna daram amma kunne ya ji wani abu yana dawowa, baƙi ɗaya ko kalma ɗaya ko ginin jimla iri ɗaya, to adon tsari ne ko na sauti.

Ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da ke ɗauke da adon kaɗai. A misalin sama, "ya hau wuyansa ya zauna" su ne wurin aiki. Ɗalibin da ya ja wa baiti duka layi yana nuna wa mai duba takarda cewa bai san inda abin yake ba.

Mataki na biyu: raba adon gida huɗu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Malaman balaga sun daɗe da nuna cewa kamanta abu da abu yana da rukunai 4:

1. abin da ake magana a kansa;
2. abin da aka ɗauko aka jingina masa;
3. kalmar da ta haɗa su, idan akwai;
4. fuskar kama, wato halin da suka yi tarayya a kai.

Ɗauki wannan: "Fushinsa kamar wutar kara ne." Ana magana a kan fushi. An ɗauko wutar kara. Mahaɗin shi ne "kamar". Fuskar kama fa? Ɗalibi mai gaggawa zai ce zafi, ya wuce. Amma kowace wuta tana da zafi, me ya sa marubucin ya zaɓi ta kara, ya bar ta gawayi? Wutar kara tana tashi nan take, ta yi sama, ta mutu ba da jimawa ba. Abin da ake faɗa shi ne mutumin yana da saurin hasala da saurin hucewa. Da an ce "kamar garwashi a ƙarƙashin toka", da an ba mu wani mutum dabam, mai riƙo, wanda ba a ganin fushinsa sai an taka.

Wannan ita ce dabara mafi amfani da za ka ɗauka daga jagorar nan: idan fuskar kama ta ɓuya, sauya abin da aka ɗauko da wani makusancinsa, ka duba me ya ɓace. Abin da ya ɓace shi ne amsar.

Rukuni na huɗu sau da yawa ba a rubuta shi. Marubuci ya bar wa mai karatu ya ciko, kuma shi ake tambayarka a jarrabawa ko da ba a faɗa ba.

Mataki na uku: sa wa adon suna

Idan ka riga ka raba shi, suna ba ya wuya.

*Kamantawa.* Ɓangarori biyu duk suna nan, mahaɗi ma yana nan. Tana da rassa 3. Ta daidaito tana zuwa da kamar, tamkar, awa, sai ka ce. Ta fifiko tana zuwa da fi, zarce, ɗara: "Harshenta ya fi reza kaifi." Ta gazawa tana zuwa da bai kai ba, ya gaza, ya kasa: "Dutse bai kai zuciyarsa tauri ba."

Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, ɗaukar kowace "kamar" a matsayin kamantawa. "Ya zo kamar ƙarfe biyar" kintace ne. "Kamar za a yi ruwa" zato ne. "Dabbobi kamar doki da raƙumi" kawo misali ne. Babu ado a ko ɗaya. Na biyu, kwatanta abubuwa masu jinsi ɗaya: "Ya fi ƙaninsa tsawo" awo ne kawai, ana iya tabbatar da shi da ma'auni. Kamantawar ado tana haɗa abubuwan da ba 'yan gida ɗaya ba ne.

*Siffantawa.* An cire mahaɗi, an ce wannan shi ne wancan: "Alkawari kaya ne." Ta fi kamantawa ƙarfi saboda ba ta bar wa mai sauraro ƙofar ja da baya ba. Idan marubuci ya ci gaba da gina hoto ɗaya a layuka da dama, misali ya ce rayuwa tafiya ce, sannan ya kawo guzuri da zango da abokin hanya, doguwar siffantawa ke nan, kuma a amsarka sai ka bi sassan ɗaya-ɗaya ka faɗi me kowanne yake wakilta. Ka lura da "ne" da "ce" idan jinsin ɓangarorin ya bambanta. Karin maganar nan "Gaskiya dokin ƙarfe ce" ta bi jinsin gaskiya, ta bar na doki. Bin abin da ake magana a kansa ya fi aminci a rubutunka.

*Jinsintarwa.* Ɗaukar halin wani jinsi a ba wani. Idan an ba abin da ba mutum ba halin mutum, mutuntarwa ce: "Ƙasa ta buɗe baki tana roƙon ruwa." Idan an ba mutum halin dabba, dabbantarwa ce: "Ya yi gurnani, ya nuna farata." Idan an mai da mai rai abu maras rai, abuntarwa ce: "Tun da aka sallame shi ya yi tsatsa a gida."

Hausa tana da tarko a nan wanda wasu harsuna ba su da shi. Kowane suna tilo a Hausa namiji ne ko mace, saboda haka "rana ta fito" ko "dare ya yi" ba mutuntarwa ba ne, nahawu ne kawai. Sai an ba ranar aikin da mutum kaɗai ke yi, kamar harara ko yin fushi ko rantsuwa, sannan ado ya samu.

*Alamtarwa.* Ana ambaton abu ɗaya na zahiri a bar shi ya tsaya a madadin wata ma'ana, ba tare da an faɗi ma'anar ba: farar tuta a madadin miƙa wuya, sikeli a madadin adalci, sarƙa a madadin bauta. Bambancinta da siffantawa shi ne ɓangare ɗaya kaɗai ke fili. Kafin ka ce abu alama ne, nemi hujja ɗaya daga cikin biyu: ko dai jama'a sun riga sun san shi da wannan ma'ana, ko kuma ya sake dawowa a rubutun a wurare masu nauyi. Fitilar da aka ambata sau ɗaya don a ga hanya fitila ce kawai.

*Ambaton sashe ko makusanci.* "Bakuna tara yake ciyarwa" an ambaci sashen jiki ana nufin mutane. "Fadar shugaban ƙasa ta musanta" an ambaci wuri ana nufin masu aiki a cikinsa. Babu kama tsakanin baki da mutum, dangantaka ce ta kusanci, shi ya sa ba a kiran wannan siffantawa.

*Kambamawa.* Zuzuta abu fiye da ƙima: "Na kira ka sau dubu." Ta bambanta da ƙarya domin mai magana da mai sauraro duk sun san ba ƙidaya ake yi ba.

*Sakaya zance.* Rufe abin da ke da nauyin faɗa da lafazi mai taushi: "ya riga mu gidan gaskiya", "tana da juna biyu", "hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya".

*Gatse, habaici da zambo.* Ana yawan cakuɗa su, alhali iyakarsu a fili take. Gatse faɗin kishiyar abin da ake nufi ne, kamar a ce wa wanda ya makara "Sannu da sammako." Habaici suka ce da ba a kama suna ba, an bar mai abin ya tsargu. Zambo kuwa yana nuna wanda ake nufi, ya siffanta shi da abin da zai muzanta shi. A rubuce gatse ba ya da murya, don haka dole ka nuna abin da ke kewaye da maganar wanda ya tabbatar maka kishiya ake nufi.

*Baubawan burmi.* Magana mai kama da tana rushe kanta, amma idan an natsu sai a ga gaskiya a ciki: "Shirunsa ya cika ɗakin da ƙara."

*Adon sauti.* Karangiya ita ce maimaita baƙi ɗaya ko makusantan baƙaƙe a jere: "Ƙaramin ƙoƙari kan ƙare ƙunci." Amsa-amo shi ne dacewar sautin ƙarshen layuka. Wasa da kalma yana cin moriyar kalmomi masu rubutu ɗaya da ma'ana biyu, kuma Hausa tana da su da yawa saboda karin sauti da tsawon wasali ba sa fitowa a rubutun yau da kullum: wuya na jiki da wuya ta wahala, wata na sama da wata mace. A waƙa kuma ka duba gangara, inda ma'ana ba ta cika a ɗango ɗaya ba, wato layi ɗaya na baiti, sai ta gangara na gaba, da saɓi-zarce, inda ta tsallaka daga baiti zuwa baiti.

Mataki na huɗu: faɗi aikin da adon ya yi

"Wannan ado ya ƙara wa waƙar armashi." Wannan jimla ita ce ta fi kowace cinye makin ɗalibai, domin ana iya liƙa ta a ƙarƙashin kowace waƙa a duniya. Amsar da ta dace da kowane baiti ba ta bayyana ko ɗaya ba.

Amsa mai kyau jimla 4 ce: kawo kalmomin kamar yadda suke, faɗi sunan adon, bayyana ɓangarorin da fuskar kama, sannan ka danganta shi da jigon rubutun. Ga layuka huɗu na gwaji, ba a auna su da kari ba:

Dare ya yafa mayafinsa bisa gari,
Iska na raɗa a kunnen ganye,
Tunani wuta ne, ba ya jin yayyafi,
Ni kuwa ina zaune kamar jirgin da ya rasa gaɓa.

Ga yadda za a amsa a kan layi na uku: "A cikin 'tunani wuta ne, ba ya jin yayyafi' akwai siffantawa. An mai da tunani wuta ba tare da mahaɗi ba. Fuskar kama ita ce ci da ƙin mutuwa, kuma ambaton yayyafi ya nuna ɗan rarrashin da ake samu bai isa ya kashe ta ba. Wannan ya fito da jigon damuwa, musamman da yake layuka biyu na farko sun nuna komai ya natsu, mai maganar kaɗai ke ƙonewa."

Jimlar ƙarshe ta duba abin da ke gefen adon, kuma wannan ne ke raba amsa mai kyau da matsakaiciya. Ado ba ya aiki shi kaɗai. Mutuntarwar dare da ta iska an sa su ne don su yi sanyi, saboda zafin layi na uku ya fito. Gwada layi na huɗu da kanka, ka kuma yi amfani da dabarar sauyi: me zai ɓace idan aka ce "kamar jirgin da ya nutse"?

Idan layi ɗaya ya ɗauki ado biyu, faɗi duka, ka fara da wanda ya fi ɗaukar ma'ana.

Dabarun shawo kan mai sauraro

A muhawara da jawabi da rubutun ra'ayi, ana auna ado da abu ɗaya: ya matsar da mai sauraro ko bai matsar ba. Aristotle ya ce ana shawo kan mutane ta hanyoyi 3: amincewarsu da halin mai magana, motsa zukatansu, da hujja. Idan kana nazarin jawabi, rubuta a gefen kowane sakin layi wacce daga cikin ukun ake amfani da ita. Za ka ga jawabi mai ƙarfi yana cuɗanya su, mai rauni kuwa yana rataye a kan motsa zuciya kaɗai.

Kayan aikin da aka fi gani su ne waɗannan. Maimaita farkon jimla: "Muna son aji mai rufi. Muna son aji mai haske. Muna son aji mai malami." Sau 3 ya isa, a na biyar kunne ya gaji. Jerin sarƙe, wato jimloli masu gini iri ɗaya, ko dai na daidaito inda ma'anoni ke tafiya tare, ko na bambanto inda suke karo: "Mai ilimi yana tambaya, jahili yana rantsuwa." Ƙarfin na bambanto yana cikin daidaiton tsawo, idan ɓangare ɗaya ya ninka ɗaya sai karon ya ɓace. Hawa-hawa, inda ake jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba: "Ya rasa littafinsa, ya rasa ajinsa, ya rasa shekararsa." Juya jerin ka karanta, za ka ji yadda ya zube. Sai tambayar da ba ta neman amsa: "Wa zai shuka ƙaya ya girbi auduga?" Sharaɗinta shi ne amsar ta zama ɗaya tilo. A muhawara, idan abokin hamayya zai iya miƙewa ya amsa ta da wata amsa, ka ba shi makami da hannunka.

Idan kai ne mai rubutun

Fara da rubuta maganar a fili ba ado: "Jiran sakamako yana da wahala." Sannan ka tantance wace irin wahala ce, domin fuskar kama ita ake fara samu kafin hoto. Tsawon lokaci ne, ko rashin iya yin komai, ko fargaba? A ce rashin iya yin komai ne. Jero abubuwa 5 masu wannan hali: manomi bayan shuka, fasinja a motar da ta lalace, mai kamun kifi da ƙugiya a ruwa, da sauransu. Jefar da na farkon da ya zo maka, domin shi ne ya fara zuwa wa kowa. Daga sauran, zaɓi wanda mai karatunka ya taɓa gani da idonsa.

Abubuwa uku ke ɓata ado a rubutun ɗalibai. Na ɗaya, gwama hotuna biyu da ba sa zama tare: "Ilimi fitila ne da za mu sha mu ƙoshi." Ba a shan fitila. Hakan na faruwa ne idan marubuci ya daina ganin hoton, yana jin daɗin kalmomin kawai, kuma maganinsa shi ne ka zana jimlar a zuciyarka kafin ka bar ta. Na biyu, hoton da ya tsufa har ya koma kalma ta yau da kullum. "Bakin kogi", "ƙafar tebur" da "yunwa ta kama ni" duk ado ne a asalinsu, amma yau ba wanda ke ganin baki ko ƙafa a cikinsu. Yi amfani da su a matsayin kalmomi, kada ka kawo su a jarrabawa a matsayin misalin ado matuƙar akwai rayayye a rubutun. Na uku, cunkoso. A insha'i mai kalmomi 300, ado 2 ko 3 da aka ajiye a wuraren da suka dace sun wadatar: ɗaya kusa da buɗewa, ɗaya a kan hujjar da ta fi nauyi. Wasiƙar neman aiki da rahoton gwajin kimiyya ba sa buƙatar ko ɗaya.

Akwai kuma dacewa da yanayi. Kambamawa tana kyau a yabo da raha, amma a rubutun hujja tana rage amincewa, domin mai karatu da ya kama ka da "kowa ya sani" ko "ba a taɓa yi ba" zai fara shakkar sauran maganarka.

Atisaye

Ware littafi guda, ka raba kowane shafi gida 4: maganar yadda aka faɗe ta, sunan adon, fuskar kama, aikin da ya yi. Minti 15 a rana ya isa. Kada ka tsaya ga littattafan aji. Kanun labarai, tallace-tallace, sharhin wasan ƙwallo da hirar manya cike suke da ado, kuma karin magana ita ce makaranta mafi kusa, domin da yawa daga cikinsu siffantawa ce ko jerin sarƙe a dunƙule. Ka nemi misali 10 a mako.

A ƙarshen mako ɗauki 3 daga ciki ka juya su: mai da kamantawa siffantawa, mai da siffantawa magana ta fili, sannan ka rubuta jimla ɗaya a kan abin da ya ƙaru ko ya ragu. Daga nan ka rufe gidan suna da na fuskar kama da takarda, ka ba abokin karatunka ya cike su. Inda amsarku ta saɓa, kowa ya kawo hujjarsa daga kalmomin da ke rubuce, wanda kuma ya kasa nuna kalmar da ya dogara da ita ya sake komawa mataki na biyu.